Idan Waya Ta Ƙi Waya: Abin Yi Kafin Ka Rasa Takardunka

  

Ni sana'ata gyaran salula da kwamfuta, kuma shagona bai da nisa da shingen duwan, wato kwastan. Yau zancenmu a kan wata matsala ne da nake gani kusan kullum: mutum yana da hoto ko takarda ko murya a wayarsa, yana son ya tura wa wata wayar ko kwamfutar mai buga takardu, sai abu ya ƙi wucewa, ko ya wuce ya ƙi buɗuwa.

Bari in fara da abin da ya faru a gabana. Wata Laraba, jajibirin kasuwar Maigatari, wani dattijo mai fataucin shanu ya shigo shagona da memori ƙulle cikin leda. Dattijon nan ba ya karatun boko, saboda haka wayarsa ita ce littafin bashinsa. Duk wanda ya ɗauki sa bashi, sai ya sa shi ya faɗi sunansa da kuɗin da ranar biya, ya naɗi muryar ya ajiye. Hotunan takardun rigakafin dabbobinsa da rasiɗan kasuwa duk suna ciki. Gilashin babbar wayarsa ya fashe a mota, sai ya ciro memorin ya sa a ƙaramar waya mai tocila. Ƙaramar wayar ta fito da wani rubutu. Ya kai wa wani yaro mai caji, yaron ya danna "to". Da ya ga komai ya ɓace, don ya faranta wa dattijon rai, sai ya cika masa memorin da wa'azi da waƙoƙi.

Na ce masa: "Baba, lokacin da ƙaramar wayar ta yi rubutun nan, babu abin da ya sami memorinka. Lafiyarsa ƙalau, wayar ce ba ta iya karanta shi ba." Ya yi shiru, sannan ya ce: "Ɗana, ashe da na mayar da shi aljihu da ya fi mini." Wallahi haka ne. Ƙarshen labarinsa zan faɗa muku in mun kusa rufewa.

Abin da nake so kowa ya riƙe ke nan. Idan na'ura biyu suka ƙi fahimtar juna, mafi yawan lokaci kayanka na nan daram. Ka ɗauki jaka biyar ta sefa ka miƙa wa mai shayi a ƙauyen da naira kawai aka sani, zai ƙi karɓa, amma kuɗinka ba jabu ba ne. Ɗan canji kake buƙata. Haka na'urorin nan suke. Kowace tana da tsarin da ke tafiyar da ita. Tecno, Itel, Infinix, Samsung da Redmi masu shafawa suna aiki da Android na kamfanin Google. iPhone tana aiki da iOS na kamfanin Apple. Yawancin kwamfutocin siba, ko kafe kamar yadda ake cewa a Najeriya, suna aiki da Windows na Microsoft. Ƙananan wayoyi masu maɓalli kuma da nasu ɗan tsarin daban. Kamfanoni daban suka ƙera su, kowa da ƙa'idarsa.

To idan turi ya ƙi, wurare uku ake dubawa, bi da bi. Na farko hanyar da kayan za su bi. Na biyu mazubin da aka zuba su, wato memori ko filas. Na uku irin fayil ɗin kansa.

Mu fara da hanya. Bluetooth ita ce tsohuwar hanya, kuma har gobe ita ce ke haɗa ƙaramar waya da babba. Tana da nawa, amma ta isa tura hoto ko murya. Idan wayoyin ba su ga juna ba, ka duba ko an buɗe wa ɗayar ganuwa, ka kusanto da su, ka share tsohon haɗin da ke tsakaninsu ka sake sabo. Sai dai fa iPhone ba ta karɓar hoto ko takarda ta Bluetooth daga Android ko ƙaramar waya. Nata Bluetooth ɗin na abin sauraro ne da sifika da makamantansu. Na ga mutane sun kwashe awa guda suna gwadawa, har a fara zargin wayar ta lalace. Haka aka ƙera ta.

Apple na da hanyarsa mai suna AirDrop, Android kuma na da Quick Share, wadda a da ake kira Nearby Share kafin Google da Samsung su haɗe nasu ƙarƙashin suna ɗaya a 2024. In ban da wasu ƴan sababbin wayoyi masu tsada, waɗannan biyun ba sa gaisawa. Ko tsakanin Android da Android, sai mai karɓa ya buɗe allonsa, ya saita cewa kowa na iya ganinsa, sannan mai turawa zai gan shi.

Abin da ya fi yawa a hannun jama'armu shi ne Xender. Mutane da dama na zaton sai da data ko rezo mai kyau yake aiki. A'a. Wayar mai turawa ce ke buɗe ɗan Wi-Fi nata, ta mai karɓa ta shiga, kaya su wuce kai tsaye. Ko a tsakiyar daji inda babu sabis ko sanda ɗaya zai yi, kuma ba ruwansa da ko layinka na Nijar ne ko na Najeriya. Idan ya ƙi, ga abin da za ka duba. Ka kunna alamar nuna wuri, wadda ake rubutawa "Location" ko "Localisation", domin Android ba ta barin manhaja ta nemi Wi-Fi na kusa sai da ita. Idan kana da VPN a kunne, kashe shi. Idan ɗaya wayar na da tsohon Xender na shekaru, ɗayar na da sabo, a sabunta tsohon. Akwai kuma wata matsala da ba kowa ya sani ba: Wi-Fi zango-zango ne, akwai 2.4 akwai 5. Manyan wayoyi na iya buɗe na 5 don sauri, alhali wayoyi masu araha da yawa na 2.4 kawai suke gani. Maganin mai sauƙi ne, a kashe zaɓin saurin, ko kuma a bar mai arahar ta buɗe haɗin, babbar ta shigo. Idan da iPhone a ciki, Android ce za ta buɗe, mai iPhone ya ɗauki hoton lambar nan mai murabba'i ko ya shiga Wi-Fi ɗin da hannunsa.

Ƴan'uwa makiyaya, ga wata taku. Wayar da ta kwana biyu a mace babu caji, ko aka cire mata batir, takan tashi da kwanan wata na shekarun baya. WhatsApp ba ya yarda ya yi aiki da kwanan wata na ƙarya, shafukan intanet ma sukan ƙi buɗuwa. Kafin ka biya kowa kuɗin gyara, ka duba agogo da kwanan wata. Nijar, Najeriya, Benin, Kamaru da Chadi duk agogonmu ɗaya ne. Wanda ya fito daga Ghana, Togo, Burkina Faso ko Mali shi ne ke baya da awa ɗaya.

Sai igiyar caji. Ka kai waya wurin mai kwamfuta, an jona, tana caji amma kwamfuta ba ta gan ta ba. Abu biyu ne. Akwai igiyoyi masu araha da wuta kawai suke ɗauka, babu silin ɗaukar bayani a cikinsu, sai a canza igiya. Idan igiyar mai kyau ce, ka buɗe allon wayar, ka jawo sanarwa daga sama, ka zaɓi "File transfer" ko "Transfert de fichiers". iPhone kuma za ta tambaye ka ko ka amince da wannan kwamfutar, sai ka amsa ka sa lambobinka da kanka.

Mu koma kan mazubi, inda dattijonmu ya yi asara. Kowane memori da filas akwai yadda aka tsara cikinsa, kamar yadda ake yanka fili a fitar da rumfuna kafin kasuwa ta ci. Tsarin da kusan kowace na'ura ta sani sunansa FAT32. Memori mai giga 32 zuwa ƙasa da shi yake zuwa. Aibinsa ɗaya, fayil guda ba ya wuce giga 4 a cikinsa, shi ya sa wani lokaci dogon bidiyo ke ƙin shiga alhali akwai wuri. Memori mai giga 64 zuwa sama yana zuwa da wani tsarin mai suna exFAT. Sababbin Android da Windows da kwamfutocin Apple duk suna karanta shi, amma yawancin ƙananan wayoyi da rediyo mai memori da sifikar mota ba su san shi ba. Akwai kuma NTFS, na Windows, wanda kwamfutar Apple ke iya karantawa amma ba ta rubutu a kai, wayoyi da yawa kuma ba sa ganinsa sam.

Na'urar da ta gamu da tsarin da ba ta sani ba, sai ta ce maka memorin nan na buƙatar "Format", ko da Faransanci "Formater". Ku riƙe kalmar nan ko ba ku iya karatu ba, ku sa yaro ya nuna muku siffarta. Ma'anarta a share komai a sake yanka fili. Amsarta a'a ce. Ka ciro memorinka, ka mayar da shi cikin irin na'urar da ya fito, ko ka kai inda za a kwafe kayan tukuna.

Haka kuma ranar da ka sa sabon memori a Android, wasu wayoyin kan tambaya: a mayar da shi cikin wayar, ko a bar shi na cirewa? Ka zaɓi na cirewa. Idan ka mayar da shi na ciki, wayar za ta kulle shi da makullin da ita kaɗai ta sani. Ranar da ta faɗa rijiya ko ta mutu, babu wata na'ura da za ta buɗe shi.

A kula da memorin jabu. An rubuta 64 a bayansa, cikinsa bai fi 8 ba. Da farko yana aiki lafiya, da ka wuce ainihin cikinsa sai hotuna su riƙa fitowa rabi toka-toka, murya ta ƙi tashi. Wannan kam babu gyara. Idan farashi ya yi arhar banza, ka yi shakka. Akwai kuma ƙwayar cutar da ke yawo a kwamfutocin siba, wadda ke ɓoye foldodinka ta bar wasu masu ƴar kibiya a madadinsu. Kada ka danna su, kada ka yi fomat. Kayanka na nan a ɓoye, wanda ya san aiki zai fito da su cikin minti kaɗan.

Na uku, irin fayil. Wani lokaci kaya sun wuce lafiya, amma sun ƙi buɗuwa. Tun 2017 iPhone ke ajiye hotunanta da wani samfuri mai suna HEIC, alhali wanda duniya ta saba da shi JPEG ne. Tsofaffin Android da ƙananan wayoyi da kwamfutoci da yawa ba sa buɗe HEIC. Mai iPhone ya shiga saitin kyamara, wajen "Formats", ya zaɓi "Most Compatible" ko "Le plus compatible", daga ranar hotunansa za su buɗu ko'ina. Idan ana sauri, ya tura hoton ta WhatsApp a matsayin hoto, zai isa a JPEG.

Sai dai WhatsApp na matse hoto don ya rage nauyi, ƙananan rubutu da hatimi sukan dushe. Idan takarda ce za a buga, kamar rasiɗi ko takardar rigakafi ko ta kaya, a tura ta a matsayin "Document", za ta isa yadda take. Mafi kyau ma a mayar da ita PDF, domin PDF ba ya canza kama daga waya zuwa kwamfuta. Takardar Word kuwa takan wargaje, layi ya hau layi. Ku tuna kuma, hoton takarda taimako ne ranar da ta jiƙe ko ta ɓata, amma jami'i a kan hanya yana iya cewa sai ta asali. Kada ka bar ta gida don kana da hotonta.

Saƙon murya na WhatsApp, wanda wasu ke ce wa bokal wasu wayis, samfurinsa Opus ne. Ƙaramar waya da rediyo mai memori MP3 suka sani. Idan kana so tsoho a ruga ya saurara a ƙaramar wayarsa, sai an juya shi zuwa MP3, kuma masu turin waƙoƙi sun iya.

Sunan fayil ma na hana shi wucewa. Windows ba ta karɓar suna mai alamar tambaya, ko tauraro, ko ɗigo biyu, ko karkatacciyar sandar da muke raba kwanan wata da ita. Tsofaffin na'urori kuma sukan mayar da ɓ, ɗ, ƙ, da wasulan Faransanci masu hula, da rubutun Larabci, su zama akwatuna. Ka sa gajeren suna da baƙaƙe na yau da kullum da lambobi, misali rigakafi-shanu-2025.

Yanzu gare ku masu siba da wakilan fiton kaya da ke da kwamfuta biyu ko uku a shago. Kuna raba folda ɗaya, wata rana sai sabuwar kwamfuta ta daina ganin tsohuwa. Fara da tabbatar da duk suna kan Wi-Fi ko na'urar rarraba intanet guda. Sannan ka duba ko Windows ta ɗauki haɗin a matsayin "Public". In haka ne tana ɓoye kanta, sai ka mayar da shi "Private". Idan sunan kwamfutar bai fito ba, ka kira ta da lambar adireshinta ta IP, amma ka sani lambar kan canza idan aka ɗauke wuta na'urar rarrabawa ta sake tashi.

Idan duk wannan daidai ne, to wataƙila yaren rabon ne ya bambanta. Sunansa SMB. Windows XP da tsofaffin injinan fotokwafi masu sikanin zuwa folda, tsohon samfurinsa na 1 kawai suka iya. Ta ƙofar wannan samfurin cutar WannaCry ta bi a watan Mayun 2017, ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har da asibitocin Ingila. Daga ƙarshen shekarar nan Microsoft ya daina sa shi a kunne cikin sababbin Windows 10. Za ka sami mai ce maka ka sake kunna shi. Zai yi aiki, amma ka buɗe ƙofar da aka rufe saboda ɓarawo, alhali takardun mutane ne a kwamfutarka. Gara injin ya yi sikanin zuwa filas, ko a sabunta manhajarsa. Sababbin Windows 11 na aiki kuma sun fara ƙin shiga folda da ba ta da kalmar sirri. Ka buɗe asusu mai suna da kalmar sirri a kwamfutar da ke riƙe da foldar, sauran su shiga da shi, har kwamfutar Apple da wayar Android.

Ga wata shawara ga duk mai kai waya a buga masa takarda. Ka tura fayil ɗin da ake buƙata kaɗai. Kada ka bar wayarka a buɗe a hannun wani ka tafi salla ko cin abinci, akwai kuɗinka a ciki, akwai hotunan iyalinka. Lambobin sirri kai za ka danna. Idan an gama bugawa, ka ce a goge takardarka a gabanka.

To, ƙarshen labarin dattijo. Fomat na sauri ba ya goge kaya nan take, jerin sunayensu kawai yake sharewa, kamar a yage shafin farko na littafi. Muddin ba a zuba sabon abu a kai ba, akwai manhajoji irin su PhotoRec da ke iya tono yawancinsu. Mun kwana muna aiki. Hotunan takardun rigakafi sun dawo, rasiɗai da yawa sun dawo. Amma wa'azi da waƙoƙin da yaron ya zuba sun hau kan wani sashe na muryoyin, kuma abin da aka rubuta wani a kansa ya tafi ke nan. Cikin waɗanda suka tafi har da muryar mutumin da ya ɗauki bijimai biyu. Da ranar biya ta zo, mutumin ya faɗi kuɗin da bai kai wanda dattijo ya sani ba. Sai da aka je gaban sarkin kasuwa, aka nemo dillalin da ya shaida cinikin, aka yi sulhu, dattijo ya haƙura da wani abu daga haƙƙinsa.

Saboda haka idan an riga an yi kuskuren fomat, a ciro memorin nan take, kada a ɗauki hoto ko ɗaya, kada a zuba waƙa ko ɗaya, a kai wa mai gyara. Kuma tun kafin ranar ta zo, duk abin da rasa shi zai jawo maka asara ko rigima, ka ajiye shi wuri biyu: ɗaya a wayarka, ɗaya a wayar ɗanka ko amininka, ko a wani memorin da ke gida cikin akwati. Bashi kuma, ko an naɗi murya, a sa shaidu biyu masu rai. Dattijon nan yanzu duk ranar kasuwa in an watse, sai ya zauna da ɗansa su tura wa juna abin da aka naɗa a ranar, kafin su hau mota.

Nan zan dakata. Mai tambaya ya aiko ta hannun gidan rediyo, ya faɗi irin wayarsa da irin wadda ta ƙi karɓa da abin da allo ya rubuta, za mu amsa a shiri na gaba in Allah ya kai mu. Allah ya kiyaye hanya, ya sa albarka a garke da kasuwa.